Gidan horon da ke haɗa dambe, kokawa da boksin a nan Kano: abin da na gani a ciki

Abokai sun dame ni da tambaya kan wurin nan da nake zuwa motsa jiki da yamma, wasu na son kai ƙannensu, wasu kuma su da kansu suke son shiga amma suna tsoron kar su zuba kuɗi a abin da bai da amfani. To amsata a taƙaice ita ce wurin ya cancanci kuɗinka in faɗa na gaske kake son koya, amma akwai gyare-gyare sosai, kuma ba kowa zai dace da shi ba. Ba zan faɗi sunan wurin ba saboda zan taɓo laifukansu kuma ba na son abin ya zama kamar ɓata wa mutum sana'a.

Shi mai wurin, wanda kowa ke kira Koci, tsarinsa shi ne ba ya koyar da salo ɗaya. Ba za ka je ka tarar da an rubuta takwando ko karet ko judo a ƙofa ba. A sati guda za ka yi boksin, ka yi shuri, ka yi kokawar tsaye, ka yi ta ƙasa wato irin murɗe-murɗen nan da shaƙa na jujitsu, sannan ranar ƙarshe a haɗa su duka a gwada juna. Ya ce shi tunanin Bruce Lee yake bi, wato Jeet Kune Do, kuma ranar da na fara jin haka gaskiya jikina ya yi sanyi, don mu nan da an ambaci sunan mutumin nan abin da ke zuwa mana a rai shi ne fim ɗin Chanis na gidan kallo da ihu da tsalle-tsalle. Amma da na zauna na ga yadda ake aikin sai na gane ba zancen fim yake ba.

Ga wanda bai sani ba, Bruce Lee kafin ya yi suna a duniya a fim malamin faɗa ne. An haife shi a San Francisco a 1940, ya tashi a Hong Kong, a can ya koyi salon Wing Chun a hannun Ip Man, ya koma Amurka ya buɗe makaranta. A 1964 ya yi wani faɗa a Oakland da wani ɗan kunfu mai suna Wong Jack Man, kuma abin da ya dame shi bayan faɗan shi ne ya ɗauki lokaci fiye da yadda ya zata sannan numfashinsa ya ƙare. Daga nan ya fara canza komai, ya shiga gudu da ɗaga ƙarfe, ya ɗauko tafiyar ƙafa da naushin 'yan boksin, ya ɗauko dabarar masu wasan takobi na Turai ta tare mutum tun yana cikin kawo hari, a 1967 ya sa wa abin suna Jeet Kune Do. Ya rasu a 1973 yana da shekara 32. Abin da ya nace a kai shi ne ka gwada dabara a jikin mutumin da ke ƙoƙarin dukanka da gaske, in ta yi aiki ka riƙe, in ba ta yi ba ka yar ko da kakan malaminka ne ya ƙirƙiro ta. A wancan lokacin wannan magana ta ɓata wa malamai da yawa rai.

To yanzu tambayar da wani abokina ya yi min, kuma tambaya ce mai kyau, ita ce tunda ga MMA nan, wato faɗan da ake haɗa naushi da shuri da kokawa, ta cika duniya, kowa ya san sai an haɗa, me ya rage na wata falsafa? Shi ya sa na ce zan yi bayanin yadda abin yake a wurin nan, don a nan ne na ga amsar.

Ajin farko da yamma ana farawa bayan La'asar, a tsaya a yi Magariba a nan harabar, wannan na yaba musu, babu wanda zai ce maka ka ƙarasa zagaye tukuna. Ana fara da tsallen igiya da gudu, sai dukan iska, sai a raba mutane biyu-biyu ɗaya ya riƙe fafalan duka ɗaya ya daka. Abin da ya bambanta su da sauran wuraren da na leƙa shi ne kusan babu wani motsi da za a koya maka ka yi ta maimaitawa kai kaɗai kana kallon madubi. Duk abin da aka nuna, cikin minti kaɗan za a ce to abokinka ya hana ka yi. In an koya maka kama ƙafa biyu ka kayar, to shi an koya masa ya ja ƙugu baya ya danne ka, sai ku yi ta yi. Da farko a hankali, sai a ƙara ƙarfi. Kuma wallahi a nan ne mutum yake gane kansa, don dabarar da ta yi maka kyau lokacin da abokinka ya tsaya ƙiƙam yana jiranka, da ya fara motsi sai ka neme ta ka rasa.

Abin da ya fi burge ni, kuma dalilin da ya sa na ci gaba da biya, shi ne yadda Koci yake mu'amala da 'yan damben gargajiya da 'yan kokawa. Akwai yara biyu-uku da suke zuwa waɗanda suna shiga fili a gidan dambe, irin waɗanda suka saba da kiɗan kalangu da kirari. Wani malamin da ya gansu cewa zai yi ku manta da duk abin da kuka sani, na ƙauye ne. Shi ko bai yi haka ba. Ya tsayar da mu ya ce ku kalli yadda yaron nan yake auna tazara da hannun garkuwa, yadda yake haƙuri ba ya jefa hannu a banza, yadda in ya saki mashin nan, wato hannun da aka naɗe, duk jikinsa ne ke tafiya tun daga ƙafar baya. Ya ce wannan abu ne da ɗan boksin zai shekara yana nema. Kuma gaskiya ne, ɗan dambe ba ya tsoron naushi, idonsa a buɗe yake ko da hannu na zuwa fuskarsa, mu da muka zo daga ofis da makaranta rufe ido muke yi mu juya ƙeya.

Amma sai ya nuna musu inda damben ya bar su a buɗe. Ɗan dambe hannu ɗaya ya saba kisa da shi, wanda aka naɗe da zare, ɗayan na karewa ne da turewa da riƙo. In aka sa masa safar boksin a hannu biyu sai ka ga hannun gaban nan a miƙe yake tafin a buɗe, ba ya naushi da shi sam, haɓarsa kuma a sama. Tsayuwarsa mai faɗi ce, ƙafar gaba ta yi nisa, wanda ya iya shurin cinya zai ta saran ta har ta ƙi ɗaukarsa, wanda ya iya kokawa kuma zai sunkuya ya ɗauke ta. Sannan a dambe da gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa an yi kisa, turmi ya ƙare, don haka bai taɓa tunanin me zai yi in ya tsinci kansa a kwance wani na kansa ba. Su ma 'yan kokawa haka, ƙarfin ƙugu da daidaito Allah ya ba su, ka kama su kamar ka kama kututturen kuka, duk wanda ya taɓa kallon gasar kokawa ta cin takobi ta Nijar ya san me nake nufi. Amma wasansu yana ƙarewa ne a daidai inda na jujitsu yake farawa, da sun faɗi sai su juya baya su durƙusa don su miƙe, wuyansu a fili, shaƙa ɗaya an gama.

Akwai wata muhawara da aka yi ranar nan da ta tsaya min a rai. Shi Bruce Lee yana koyar da cewa hannunka mai ƙarfi shi za ka sa a gaba, don shi ya fi kusa da abokin faɗa, dambenmu kuma da boksin akasin haka suke, mai ƙarfin yana baya yana jiran dama. Wani ɗalibi ya ce to Koci ai sai mu koma yadda mai abin ya ce. Koci ya ce a'a, ku sa safa ku gwada duka biyun na tsawon wata guda kowa ya ga wanda ya fi zauna masa. Yawancinmu muka koma tsayuwar boksin ta kullum, mutum biyu suka zauna a ɗayar don sun ga ta fi musu. Bai ce wa kowa ya yi kuskure ba. A ganina wannan shi ne amfanin falsafar a yau, ba wai wasu dabaru na musamman da babu su a wani wuri ba, illa dai ta hana malami ya zama wanda ba a tambayarsa, ta kuma hana ɗalibi ya ce ai haka aka ce. Ko shi wanda ya kawo tunanin, in gwaji ya ƙaryata shi, gwajin ake bi.

Kuma tarihi ya riga ya yanke hukunci a kan wannan. A watan Nuwamba na 1993 aka yi gasar UFC ta farko, wato babbar gasar MMA, a Denver ta Amurka, aka tara ɗan boksin da ɗan sumo da ɗan karet da sauransu don a ga wane salo ne gaba, Royce Gracie ɗan Brazil wanda ba shi da wani girman jiki ya cinye mutum uku a dare ɗaya, duk a ƙasa ya gama da su, biyu daga cikinsu ba su san komai a can ba. Bayan 'yan shekaru kuma sai 'yan kokawa da 'yan naushi suka koyi yadda za su ƙi faɗuwa, sai shi ma jujitsu kaɗai ya daina isa. Ku dubi namu na Afirka. Francis Ngannou na Kamaru, a Janairun 2018 Stipe Miocic ya yi ta kayar da shi yana danne shi har zagaye biyar, duk ƙarfin naushin nan bai amfane shi ba. Ya koma ya koyi kokawa, Kamaru Usman ma ya taimaka masa a shirin, a Maris na 2021 da suka sake haɗuwa Miocic ya nemi ƙafa bai samu ba, a zagaye na biyu Ngannou ya kwantar da shi. Shi Usman ɗin, haifaffen Auchi, da kokawar jami'a ta Amurka ya shigo, ya karɓi kambu a hannun Tyron Woodley a 2019, daga baya ya gyara naushinsa har ya riƙa sumar da mutane da shi, amma a Agustan 2022 yana kan gaba a maki saura ƙasa da minti ɗaya a tashi Leon Edwards ya sa masa ƙafa a kai. Israel Adesanya kuma wanda a tsaye babu kamarsa, da ya hau nauyi ya haɗu da Jan Blachowicz a 2021, kayarwa da dannewa ne suka cinye shi a zagaye biyu na ƙarshe. Duk waɗannan Koci yana kunna mana su a waya ana tsayarwa ana duba ina kuskuren yake, kuma na fi ƙaruwa da wannan zaman fiye da wasu darussan.

Yanzu ga inda ban gamsu ba, kuma da gaske nake.

Na farko kuma mafi girma, sabon shiga ana jefa shi cikin komai lokaci ɗaya. Yaro bai iya tsayuwa ba, bai iya naushin gaba miƙaƙƙe ba, an koya masa shuri yau, gobe murɗe hannu, jibi gwiwa. Bayan wata uku ya san sunan abubuwa da yawa amma babu ɗaya da zai iya yi wa wanda ke gardama. Yawancin mutanen nan da na lissafa a sama sun shekara da shekaru a abu ɗaya kafin su haɗa, Usman a kokawa, Adesanya a damben shuri, shi kansa Bruce Lee sai da ya yi shekaru a Wing Chun. Mutum ba zai iya zaɓar abin da ke aiki ya yar da wanda ba ya yi ba alhali bai ƙware a komai ba, da me zai auna? Shi ya sa 'yan damben nan da 'yan kokawar suke wuce mu da sauri, suna da tushe, ƙari kawai ake musu. Na faɗa wa Koci wannan baki da baki, na ce ranka ya daɗe da za a ware wa sababbi wata shida na boksin da kokawar tsaye kaɗai da ya fi. Ya saurare ni, ya ce in ya yi haka yara guduwa suke yi saboda gundura, su abin da suka gani a waya suke so. Na fahimci matsalarsa ta kasuwa amma har yanzu ina kan ra'ayina.

Na biyu, shi kaɗai ne malami, kuma ba a komai ya yi zurfi ba. A naushi da shuri babu wasa, ya san aikinsa. A ƙasa kuwa iliminsa daidai gwargwado ne, wasu abubuwan za ka ga daga bidiyo ya ɗauko, ya yi gaskiya dai yana faɗa, ba ya ɓoyewa. Amma wurin da ke tallan haɗa salo ya kamata ya nemo ɗan judo na gaske ko da sau ɗaya a sati, kuma akwai su a Kano, ba sai an je Legas ba.

Na uku shi ne tsafta da lafiya. Katifun ƙasan nan ba a goge su kullum, mutane na shiga da ƙafar da suka taka waje da ita, kuma a wasan da fata ke gogar fata makero ba ya wuyar yaɗuwa, na ga yara biyu da shi a wuya kuma ba a ce su huta ba. Safar hannu ta haya wari take, in za ka shiga ka sayi taka da bandejin naɗe hannu da robar haƙori tun ranar farko, kar ka yarda ka yi gwaji babu robar nan. Iska ma ba ta shiga ɗakin sosai, lokacin zafin Afrilu in babu wuta kuma ba a tada janareta ba mutum sai ya ji kamar zai faɗi. Sannan ranar gwaji, duk da Koci yana ta cewa a sassauta, akwai manyan ɗalibai biyu da ba sa ji, suna dukan kai da ƙarfi kamar ana gasar kuɗi. Dukan kai ba abin wasa ba ne, wanda ya ji jiri ko ya ga duhu-duhu bai kamata ya koma fili a ranar ba ko a satin, kuma na ga an bar wani ya koma. Wannan ya ɓata min rai ƙwarai, don yaran nan amana ne iyayensu suka kawo.

Babu ajin mata, ko lokaci na daban ko malama. 'Yan uwa mata da suka tambaye ni, a yanzu dai babu wurinku a nan, kuma asara ce.

Wani abu da zan yaba masa kuma shi ne maganar wuƙa. Kowa ya san halin da ake ciki na ƙwacen waya a gari, kuma rabin masu zuwa yin rajista abin da ke ransu ke nan, a koya musu yadda za su ƙwace wuƙa a hannun ɗan daba. Akwai masu horarwa da za su karɓi kuɗinka su nuna maka kama wuyan hannu ka murɗa, abin ya yi kyau a ido. Shi abin da ya yi, ya ba wani yaro ƙarami alƙalamin allo mai tawada ya ce ga wuƙarka, ya sa manyanmu farar riga ya ce ku ƙwace. Babu wanda ya fita rigarsa ba zane a ciki da ƙirji, har 'yan damben. Ya ce to kun gani, in an tare ku ku miƙa wayar, in da hanyar gudu ku gudu, abin da nake koya muku na ranar da babu mafita ne. Malamin da zai rage wa kansa kasuwa don ya faɗa maka gaskiya irin wannan ni na yarda da shi. Kuma wannan ma daga tunanin gwajin nan ya fito. A China a 2017 wani ɗan MMA mai suna Xu Xiaodong ya yi wa wani malamin tai chi dukan tsiya cikin daƙiƙoƙi, mutumin ya shekara yana koyar da abin da bai taɓa gwadawa a jikin mai ramawa ba, kuma ɗalibansa sun yarda da shi. Irin wannan yaudarar ce ba za ka samu a wurin nan ba.

Maganar kuɗi, ana biya wata-wata, kuma bai kai abin da manyan wuraren ɗaga ƙarfe masu na'urar sanyaya ɗaki suke karɓa ba, ɗalibai 'yan makaranta ana musu ragi in sun yi magana. Ba a sayar da bel, babu jarrabawar hawa mataki da za a ce ka kawo kuɗi, wanda wasu iyaye ba sa so don suna son ganin yaro ya dawo gida da sabon launi a ƙugu. In yaronka gasa kake so ya shiga ta takwando, ya bi sahun irin su Chika Chukwumerije da ya ciyo wa Najeriya tagulla a Beijing a 2008 ko Abdoulrazak Issoufou Alfaga na Nijar da ya ciyo azurfa a Rio a 2016, to kai shi makarantar takwando zalla, nan ba za ta kai shi can ba.

Wanda na ga wurin ya fi yi wa amfani shi ne wanda ya riga ya iya wani abu, ɗan dambe ko ɗan kokawa ko wanda ya yi shekaru a karet yana son ya san ko abin nasa na aiki. Shi ina ce masa ya je gobe. Babban mutum mai neman lafiyar jiki da ɗan kare kai shi ma ya je, amma ya faɗa wa Koci tun farko cewa ba ya son dukan kai mai ƙarfi, kuma ya zaɓi abokin gwajinsa da kansa. Yaro ƙarami ɗan ƙasa da shekara 15 kuwa ni ba zan kai nawa ba tukuna sai an gyara maganar katifu da ta manyan ɗaliban nan biyu, kuma na gaya wa Koci haka.